A Riƙa Karanta wa Dattawanmu Saƙonnin 'Yan Damfara a Rediyo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan gidan rediyo, ina neman ɗan fili in yi magana a kan iyayenmu da suka shiga intanet da girmansu, da yadda 'yan damfara ke yashe su ta imel.

Akasarinsu ba sha'awa ce ta kai su ba, dole ce. An kawo BVN a 2014, a ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, sannan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya sa ko cefane sai an tura kuɗi ta waya. Wajen cike takardun fansho ko neman fasfo kuma a ce sai da adireshin imel. Sai ɗa ko jika, ko yaron shagon kwamfuta, ya buɗe wa tsoho Gmail, ya rubuta masa kalmar sirri a bayan kwalin magani, ya kama gabansa. Ba wanda ya zauna ya gaya masa cewa duk wanda ya samu adireshin nan, ko a ina yake a duniya, zai iya aiko masa da wasiƙa, ya sa mata sunan da ya ga dama.

Kawuna tsohon hedimasta ne, ba jahili ba, ba kuma mai kwaɗayi ba. Ya taso ne a zamanin da in takarda ta zo da hatimin hukuma, to magana ta ƙare. Ran nan imel ya shigo masa da tambarin bankinsa, launi da komai, wai za a rufe asusunsa kafin gobe in bai sabunta BVN ba. A asusun nan fanshonsa ke shiga. Ya taɓa shuɗin rubutun da ke ƙasa, shafi ya buɗe, ya sa tabarau ya kwafe lambobi 16 na gaban katinsa, da ranar ƙarewarsa, da ukun nan na baya. Can sai ga lambar OTP, wato lambar sirrin da banki ke turowa don tabbatar da cire kuɗi, ta shigo wayarsa, kuma daga bankinsa na gaskiya ta zo. Wannan ne ya ƙara kwantar masa da hankali, alhali ita ce shaidar cewa a daidai lokacin wani yana can yana ƙoƙarin cire kuɗin, lambar kawai yake jira. Ya rubuta musu ita. Kafin la'asar asusun ya koma wayam.

Da ya taɓa sunan wanda ya aiko saƙon, da ya ga ainihin adireshin, wani tarkacen haruffa ne da ba ruwansa da banki. Amma wa ya taɓa nuna masa? Wa ya gaya masa cewa shafukan gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa, ko cewa babu bankin da zai nemi PIN ko OTP ɗinka, ko ta imel ko ta kira?

Sauran dabarun sanannu ne: tallafin gwamnati da sai ka biya kuɗin rajista, kujerar Makka kyauta, gadon wani attajiri da ya mutu a Turai ba magaji. Wannan na ƙarshen tsohon yayi ne, tun zamanin wasiƙar gidan waya, irin wanda ya sa lambar sashe na 419 na dokar manyan laifuka ta zama sunan sana'ar. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne tarbiyyar dattawan ce ake amfani da ita a cuce su. A wurinsu rashin amsa wasiƙa wulaƙanci ne, sai ka ga tsoho ya zauna ya rubuta, cikin ladabi, cewa an yi kuskure ba shi ne magajin ba. Da wannan amsar ɓarawon ya tabbatar akwai mutum a bayan adireshin, kuma mai karantawa ne.

Sai kuma kunya. Kawu bai faɗa wa kowa ba sai da abin ya kwana biyu, don ya san me zai ji: "Haba Kawu, ku da iliminku?" Kuɗin kuwa cikin mintuna ake rarraba su zuwa wasu asusun. Akwai EFCC, akwai dokar laifukan intanet ta 2015, amma wanda ya yi shiru har sawun ya ɓace, da wuya hukuma ta dawo masa da ko sisi. Mu 'ya'ya mu rage faɗa, in ba haka ba ɓoye mana za su ci gaba da yi.

Ranka ya daɗe, ga roƙona. Bankuna suna aiko da gargaɗi, amma da Turanci, a saƙon waya, cikin tulin tallace-tallacen da ba mai buɗewa. Dattawan nan kuwa rediyo ce abokiyar hirarsu tun daga asuba. Ku ware ko minti biyar ne a mako, ku ɗauko saƙon damfara na gaske, ku karanta shi yadda ya zo, ku fassara, ku nuna inda tarkon yake: ga inda aka tsorata ka, ga inda aka ce ka yi sauri, ga abin da ake so ka bayar. Ku gayyato ma'aikacin banki ya bayyana da Hausa yadda mutum zai toshe katinsa ko asusunsa nan take ta gajeriyar lambar da ake dannawa a waya, a maimaita a hankali yadda mai biro zai iya rubutawa. In da hali a sa shirin bayan labaran safe, kafin su fita.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraronku a kullum, daga Zariya