Malam Edita, ba kowane ciwon ordinatar ne ke son formataj ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gajiya, ya aiki, ya kuma haƙuri da mu masu dogon surutu. Na daɗe ina karanta jaridarku amma ban taɓa rubuto maku ba sai yau da abu ya tsaya mini a wuya, na ce bari in amayar da shi nan ko wani ya tsira daga abin da ya sami ɗiyata.

Ɗiyar nan tawa tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana cikin rubuta memuwar ɗinta, wato kundin binciken kammala karatu. Bara na matse aljihu na saya mata ordinatar ta hannu okaziyo, irin waɗanda ake shigowa da su ta Ƙonni, jikka 85 bayan an sha ciniki kamar za a yi dambe. Tsohuwa ce ban musa ba, ta haura shekara goma da ƙerawa, amma aikinta take yi lafiya lau. To watan jiya anka ɗauke wuta anka maido ta da ƙarfi, akwatin wifi ɗinmu na gida ya ƙone, munka sayo sabo. Tarhona ya kama, na uwargida ya kama, har na autanmu mai tsagaggen gilashi ya kama, ordinatar nan ita kaɗai ta ce atafau. Tana ganin sunan rezo, wato sunan wifi ɗin, sarai, a danna, a sa kod, ta yi ta juyi ta yi ta juyi kamar mai tuƙin tuwon biki, can sai ta rubuto "Impossible de se connecter à ce réseau". Mun yi haka ya fi sau ashirin wallahi.

Ranar da yarinyar ta tahi makaranta sai na ce bari in yi abin kirki, na sa ordinatar a jaka na kai wa wani mai gyara a kasuwa. Ba zan faɗi sunansa ba don ba tozarci na zo yi ba, kuma ba shi kaɗai ne mai wannan hali ba. Ko minti biyu bai yi yana kallonta ba ya ce "Mushe ai wannan birus ne ya cinye ta, sai formataj", wato a goge duk abin da ke cikinta a zuba sabon Windows. Bai tambaye ni yaushe abin ya fara ba, bai tambaye ni ko mun canza wani abu a gida ba, ga tarho a hannunsa amma bai ko gwada raba mata koneksiyo, wato ba ta wifi daga tarhon nasa, ya gani ba. Ni kuma da nawa laifin, gaskiya ɗaya ce, don da ya ce akwai abin da kuke so a ciki sai na ce masa kwashe takardunta kawai, shi kuma ya kwashe dosiye ɗin Documents ya bar sauran, ashe baiwar Allah duk aikinta a kan fuskar ordinatar take ajiyewa, wurin da ake ce ma Bureau. Na biya jikka 5, na dawo gida ina ta washe baki.

Babi na 3 da na 4 sun tahi, da teburin da ta shigar da amsoshin mutanen ƙauyukan da ta yi ta bi kan kabu-kabu cikin rana. Na ɗaya da na biyu ne kawai sunka tsira don ta riga ta tura wa malaminta. Ba ta yi mini faɗa ba, ina ma ta yi, cewa kawai ta yi "Baba da ka jira ni" ta shiga ɗaki. Wifi kuma? Yana nan yadda yake, bai kama ba.

Bayan kwana huɗu ɗan ƙanwata ya zo daga Yamai wajen wani suna, shi aikin rezo yake yi a wani ofis can. Tambaya uku ya yi mini yana shan shayi, ko taɓa ordinatar bai yi ba tukuna. Kawu, sauran tarhuna suna kamawa? Na ce eh. Ita ordinatar an gwada ta da wani wifi daban? Na ce a'a. Me anka canza ranar da abin ya fara? Na ce akwati. Sai ya yi dariya ya ce to ai ɓarawon yana cikin gida. Ya buɗe rabon koneksiyo a tarhonsa, ya cire masa kod na ɗan lokaci don gwaji kawai, kafin ka ce kwabo ordinatar ta kama. Kenan lafiyarta lau tun farko, babu birus babu komai.

Ga yadda ya fahimtar da ni, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Kowane wifi mai kod akwai irin kwaɗon da anka rufe shi da shi. Na farko can shi ne WEP, tun wajen 2001 masana sunka nuna buɗe shi ba wuya, sai anka kawo WPA a 2003, WPA2 a 2004, shi ne wanda kusan kowa ke amfani da shi shekara da shekaru, sannan a 2018 anka fito da WPA3. To sabon akwatinmu a kan WPA3 kaɗai anka saita shi, ita kuwa ordinatar an ƙera katin wifi ɗinta tun ba a haifi WPA3 ba, kamar ka sa sabon kwaɗo a ƙofa ka ba tsoho makullin da ya saba da shi ka ce ya buɗe, ko ya kwana yana murɗawa ba ya buɗuwa. Yaron ya juya akwatin, a gindinsa akwai takarda manne da adireshi mai farawa da 192.168 da sunan shiga, ya buɗe ta tarho, ya je wajen tsaro ya maida shi WPA2. Ya ce wasu akwatunan suna da zaɓin haɗa biyun, WPA2/WPA3, a fara gwada shi, in tsohuwar ta ƙi sai a bar ta kan WPA2 zalla. Minti biyar bai cika ba.

Na ce shi ke nan an gama, ashe da saura. Munka sa kod, ta ƙi, amma wannan karon cewa ta yi kod ɗin ba daidai ba ne. Ni kuwa na rantse daidai nake bugawa don ni na zaɓe shi da kaina, Azawak2024, sunan shanunmu na nan arewa, wa zai manta (mun canza shi yanzu, kada 'yan unguwa su wahalar da kansu). Sai yaron ya ce Kawu danna ɗan idon nan da ke gefen wurin rubutu ka riƙe. Na danna, abin da na gani shi ne Qwqzqkéàé'. Na ce la ilaha illallahu wane yare ne wannan.

Ashe gadon formataj ne. Maɓallan ordinatar irin na Ingilishi ne, waɗanda layin sama ke farawa da QWERTY, kamar akasarin waɗanda ke shigowa ta Najeriya, shi kuma mai gyara da ya zuba sabon Windows sai ya bar ta kan tsarin Faransanci, AZERTY. A haka in ka danna A sai Q ta fito, Z ta zama W, W ta zama Z, M ma ta bar gidanta, lambobin sama kuwa ba su fitowa sai ka haɗa da Shift, in ba haka ba 2 ta zama é, sifili ya zama à. Da yake kod ɗigo-ɗigo yake fitowa ba ka ganin ɓarnar da kake yi. Maganin kuwa ka riƙe maɓallin Windows ka danna dogon nan na tazara, ko Alt da Shift, tsarin ya sauya, in babu na Ingilishin a ciki sai a ƙara shi wajen saitin harshe. Mu nan Nijar da muke tsakanin kayan Faransanci da na Ingilishi ina da yaƙinin wannan abu ya ci kuɗin mutane da yawa ba su sani ba. Kuma a tuna babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a kod, kuma kod ɗin WPA ba ya kasa baƙi 8, in anka ba ka mai shida to an yi maka rowar saura.

Kafin shayi ya kai na uku ya lissafo mini wasu, na rubuta a bayan takardar gayyatar suna. Akwai wifi na 2.4 GHz akwai na 5 GHz, tsofaffin ordinatoci da dama na farkon kawai suke gani, in sunan rezo bai fito ba sam alhali tarho na ganinsa to a duba nan, har a rabon koneksiyo na tarho ana iya zaɓa. In an canza kod a akwati, ordinatar tana nan riƙe da tsohon, sai ka ce mata ta manta da rezon, Oublier, ka sake shiga kamar baƙo. Ƙananan akwatunan aljihu suna da iyakar mutanen da suke ɗauka, in gida ya cika da baƙi na ƙarshe waje zai kwana. Akwai alamar jirgin sama da yara ke dannawa ba su sani ba. In kuma ta kama amma shafuka na ƙin buɗuwa suna kukan tsaro, a dubi kwanan wata, wata 'yar batir ce a ciki mai kamar kwabo, CR2032, in ta mutu sai ordinatar ta koma shekarun baya. In ta ce ta kama amma babu intanet, kafin a zargi kowa a duba ko forfe, wato intanet ɗin da anka saya, ne ya ƙare. Ko da katin wifi ɗin ne ya mutu da gaske, akwai ɗan kile na wifi da ake soka wa a USB, babu ruwansa da goge komai.

Abu ɗaya da ya ja mini kunne a kai, kada gajiya ta sa a cire kod gaba ɗaya. Maƙwabcina ya yi haka da nasa ya ba shi wahala, cikin kwana huɗu samarin fadar ƙofar gidansa sunka shanye masa forfe na wata guda da kallon ƙwallo, har suna gaishe shi da ladabi in zai wuce masallaci.

Na koma wajen mai gyaran, ba da faɗa ba. Na ce masa ɗana, da ka raba mata koneksiyo na minti ɗaya da ba mu kai nan ba. Ya ce "ƙaddara ce Mushe", wai in kawo ta ya sa mini antibirus kyauta. Na yarda da ƙaddara, amma formataj ya zama kamar parasetamol a hannun wasu masu gyaranmu, ciwon kai shi, karaya shi, don shi ne mai sauƙi kuma shi ne mai kuɗi. Akwai na ƙwarai a cikinsu, na sani, roƙona gare su duka shi ne su riƙa tambaya kafin su goge, kuma in gogewar ta zama dole su kira mai kayan da kansa ya nuna inda ya ajiye aikinsa, kada su biye wa tsoho irina da ya ɗauko abin da ba nasa ba.

Ku kuma Malam Edita, don Allah ku ware ko rabin shafi ne a mako, wani masani ya riƙa bayanin irin waɗannan da Hausa. Duk abin da ordinatar ke rubutowa da Faransanci ne ko Ingilishi, mu da munka yi lakkol ma kanmu ke kullewa balle wanda bai yi ba.

Ɗan ƙanwar tawa ya gwada wata manhaja ta tono abin da anka goge, ya ce da an kashe ordinatar tun ranar ba a ƙara zuba komai ba da an fi samun sa'a, don sabon Windows ya hau kan wasu. An samo babi na 3 kusan duka, na 4 da teburin babu labari. Allah ya sa takardun tambayoyin da ta cika da hannu suna nan cikin kwali ƙarƙashin gado, yanzu kullum bayan isha'i ni ke karanto mata ita tana bugawa, mun kai ta 46, saura 74.

Naku,
Wani tsohon mushen lakkol,
Unguwar Wadata, Tahoua