Wasiƙa kan sakamakon gwajin Yaya

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da duk mutanen Kumasi. Hotunan takardun gwajin Yaya sun iso, na kuma karanta su layi-layi. Na ga ranka ya ɓaci da likita ya ce kansar ɓargo ce, mayeloma, sannan ya ce a koma gida sai bayan wata uku. Ka ce ina aka taɓa ganin kansa a bar ta. To, kwantar da hankalinka. Bisa abin da ke takardun nan likitan bai yi sakaci ba, sai dai akwai gwaji biyu da ban gani ba.

Cutar ta ƙwayoyin filasma ce, waɗanda ke zaune cikin ɓargo suna ƙera garkuwar jiki. Idan guda ta lalace ta hayayyafa, zuriyarta sai su riƙa zubo furotin iri ɗaya cikin jini, shi ne furotin M da ka ja wa layi da jan biro. Hawa uku gare ta. Na farko, MGUS: furotin bai kai giram 3 a desilita ba, ƙwayoyin ba su kai kashi 10 cikin 100 na ɓargo ba, kuma mutum ɗaya cikin 100 ne kawai ke wucewa gaba a shekara. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Binciken da aka yi a Akra aka wallafa a 2007 ya same shi a kusan kashi 6 cikin 100 na maza 'yan shekara 50 zuwa 74, ninki biyu na Turawan Amurka. Hawa na biyu shi ne mayeloma mai kwanto, wadda ta wuce ɗaya daga cikin waɗancan iyakoki amma ba ta taɓa wata gaɓa ba. A nan kusan 10 cikin 100 ne ke wucewa kowace shekara a shekaru biyar na farko, daga nan saurin ya ragu sosai. Hawa na uku ita ce mai ɓarna, kuma ita ake yi wa magani ba jira.

Yaya yana hawa na biyu. Ɓargonsa kashi 15, furotin 2.4.

Yawan furotin M shi kaɗai ba ya sa a fara magani. Abin da ake dubawa shi ne ko cutar ta fara cin jiki, kuma alamomi huɗu ne, likitoci na ce musu CRAB. Kalsiyam ya haura miligiram 11 a desilita. Kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda, ya haura 2, ko tacewar ƙoda ta gaza mililita 40 a minti. Hemogulobin ya faɗi ƙasa da 10, ko ya gaza iyakar lafiya da fiye da giram 2. Sai rami a ƙashi ko da guda ɗaya ne. Na Yaya: kalsiyam 9.6, kiriyatinin 1.1, hemogulobin 11.8. Ga namiji iyakar 13 ce, ka ga sai ya sauka ƙasa da 11 kafin a ce ya shiga. Ya kusa, shi ya sa wannan lambar ce zan fi sa wa ido.

A 2014 ƙungiyar masana mayeloma ta duniya ta ƙara sharuɗɗa uku, domin an gano masu su kusan 80 cikin 100 kan lalata ƙoda ko ƙashi cikin shekara biyu, to me za a jira? Ƙwayoyin filasma kashi 60 ko fiye a ɓargo; ko rabon ƙananan sarƙoƙi biyu, kappa da lambda (gutsattsarin furotin da ƙwayoyin filasma ke zubowa cikin jini), ya kai 100, muddin ita mai yawan ta kai miligiram 100 a lita; ko hoton MRI ya nuna tabo fiye da ɗaya mai girman milimita 5 zuwa sama. Ko da mutum yana jin garau, ɗaya daga cikinsu ya isa a fara. Rabon Yaya 14 ne. Na mai lafiya tsakanin 0.26 ne da 1.65, don haka ya fita daga layi, amma da sauran tafiya kafin 100.

Ga inda nake da magana. Hoton ƙashin da aka yi masa eksire ne kurum, shi kuwa eksire ba ya ganin rami sai wajen kashi 30 na ƙashin wurin ya zaizaye. Ba a cewa mutum yana hawa na biyu da gaske sai an yi CT na duk jiki ko MRI, aƙalla na ƙashin baya da ƙugu. Na san da tsada, amma in kuɗi ɗaya za ku kashe a watan nan, a nan za ku kashe shi. Na biyu, babu gwajin albumin, wani furotin na jini, a takardar. Idan albumin ya yi ƙasa, kalsiyam kan fito kamar lafiya lau alhali ya hau: duk giram 1 da albumin ya gaza 4, ana ƙara 0.8 a kan kalsiyam.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora wa mayeloma duk abin da ya motsa. Jini ya ragu? A duba zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin ƙarfe, gyambon ciki da tsutsar hanji tukuna. Kiriyatinin ya hau? Yaya na da hawan jini, kuma raunin ƙoda da kansa yana ɗaga rabon sarƙoƙin har wajen 3. Dole a tabbatar ɓarnar daga ƙwayoyin filasma take, in ba haka ba a ɗirka wa mutum magani mai kashe jijiyoyin ƙafa da raunana garkuwa a banza. Haka kuma gwajin fitsari na tsinke ba ya kama ƙananan sarƙoƙi, sai an tara fitsarin awa 24. Kuma ku tsaya a ɗakin gwaji ɗaya, don injuna sun bambanta, lambar wani wuri ba ta gwaduwa da ta wani.

Ka tambayi maganin da ake ba masu kwanto tun da wuri. Akwai. Ana auna haɗari da 20-2-20: ɓargo sama da kashi 20, furotin sama da 2, rabo sama da 20. Mai biyu daga ciki haɗarinsa babba ne, kusan rabinsu kan wuce cikin shekara biyu. Gwajin AQUILA da aka wallafa a ƙarshen 2024 ya nuna allurar daratumumab na jinkirta cutar ga masu babban haɗari: bayan shekara biyar, 63 cikin 100 ba su wuce ba, a kan 41 na waɗanda aka sa wa ido kawai. Yaya ɗaya gare shi cikin ukun. Ni a ganina ba a kai nan ba, balle ga tsadar allurar.

Kafin wata ukun, ya yi sallama da diclofenac da ibuprofen, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Su ne ke ƙarasa ƙodar da sarƙoƙi suka fara toshewa. Ya sha ruwa lita biyu zuwa uku kullum, batun azumi kuwa ya tambayi likitansa kafin lokacin. Kada ku jira ranar ganin likita idan ciwon baya ya hana shi barci, ko ƙafafu suka yi rauni, ko fitsari ya ragu ko ya ƙi fita, ko ƙishirwa da rikicewar tunani suka zo tare, ko zazzaɓi ya kai 38. Wannan asibiti ne a ranar, ko da tsakar dare.

Ka samo littafi ɗaya, kowane gwaji ka rubuta kwanan wata da lambobi biyar: hemogulobin, kiriyatinin, kalsiyam, furotin M da rabo. Furotin da ya tashi daga 2.4 zuwa 2.9 zuwa 3.4 ya fi ba ni tsoro a kan wanda ya zauna a 3.5 shekara uku. Idan an yi MRI ka turo mini rahoton gaba ɗayansa, har shafin baya.

Ka gaida Yaya da jiki, Allah ya ba shi lafiya. A gaida uwargida da yara.

Naka,
Amininka