Wasiƙa Zuwa ga Iyaye: Darasin Duwatsun Sama da Tsatsa

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon ɗalibai.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cewa a wannan zango ɗaliban aji biyu na ƙaramar sakandare suna nazarin duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya, kuma mun ɗauko misalan daga gida Arewa, domin yawancin yaranmu a Agege aka haife su, ba su san irin wannan abu ya taɓa faruwa a ƙasar kakanninsu ba.

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo a Zagami, cikin jihar Katsina ta yanzu, kusa da wani manomi da ke gonarsa. Daga baya masana suka gano cewa daga duniyar Mas ya taso, don iskar da ke maƙale a cikinsa ta dace da iskar can. A 1984 kuma wani ya faɗo a Gujba, jihar Yobe ta yanzu, shi kuwa ƙarfe ne ya yi masa yawa.

Abin da muke so yara su gane shi ne, dutsen da ya daɗe inda babu ruwa ba ya jure wa ƙasarmu. Da zarar laima ta taɓa ƙarfen da ke cikinsa sai tsatsa ta kama, ta rina shi ja, ta kumbura a cikin tsagoginsa har ya fara marmashewa, gishiri kuma yana ƙara mata sauri, ko da na gumin hannu ne. Shi ya sa ma'aikatan gidajen tarihi ba sa taɓa irin waɗannan duwatsu sai da safar hannu, suna rufe su cikin akwati tare da sinadarin tsotse laima, kuma masana sun fi daraja wanda aka tsinta a ranar faɗowarsa a kan wanda damina ta yi ta duka.

Iskar Legas, mai laima da gishirin teku, ta ishe mu gwaji. Kowane yaro zai sa ƙusa a kwalba uku: ɗaya busasshiya, ɗaya da ruwa, ɗaya da ruwan gishiri, ya riƙa rubuta abin da ya gani har mako biyu. Muna roƙonku ku ba su kwalabe masu murfi da sababbin ƙusoshi, da kuma 'yan ƙunshin farin tsaki mai tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, amma a ja musu kunne kada ƙannensu su kai baki. A kawo kayan ranar Litinin.

Wassalam,
Shugabar Makaranta