Inna, ga amsar tambayar da kika yi mini

Saint-Denis, Faransa, 18 ga Mayu 2025

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina gaida Baba, ina gaida Gwaggo, da Yaya da iyalinsa, da mutanen gida babba da yaro. Yaya zafi? Na san yanzu Damagaram ta ɗau wuta, ido na gabas ana jiran hadari, 'yan ga-ruwa na cin kasuwarsu. Allah ya kawo damina mai albarka. Mu nan lafiya lau, maigidan yana gaishe ku, takwararki da ƙannenta ma sun ce a miƙa gaisuwa.

Ranar da kika kira kina kuka, kina cewa in kwaso yara in dawo tunda an fara kashe Musulmi cikin masallaci, ban iya ce miki komai ba, ni ma kukan ne ya shaƙe ni. Shi ya sa na zauna na rubuto, Auta ya karanta miki a tsanake bayan isha.

Labarin da kuka ji gaskiya ne. Sunan yaron Abubakar Cissé, ɗan Mali ne, shekarunsa 22. Ranar Juma'a 25 ga Afrilu ya yi sammako ya je share masallacin wani ƙaramin gari can kudu, La Grand-Combe. Wani saurayi ya shigo kamar mai son a koya masa salla, yaron na kai goshi ƙasa ya hau shi da wuƙa, har yana ɗauka a waya yana zagin Allah. Ya gudu Italiya, a can ya miƙa kansa. Garin yana da nisa ƙwarai da mu, amma Juma'ar da ta biyo baya, tun da maigidan ya fita masallaci nake tsaye bakin taga har na hango shi ya dawo.

Kin tambaye ni ko ana barinmu mu yi salla. Ana bari, Inna. Muna da masallatai, muna azumi, muna zuwa idi, mahautan halal kuwa a layinmu kaɗai sun kai uku. Babban masallacin Paris tun 1926 aka buɗe shi, shekarar da Nasara suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai, kuma an gina shi ne don tunawa da Musulmin da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi. In kika shiga kasuwarmu ranar Lahadi sai ki rantse Zango ce ranar Alhamis: Larabawan Aljeriya da Maroko, 'yan Mali, 'yan Senegal, Indiyawa, mutanen Sin, kowa da yarensa, ga kuɓewa ga yakuwa ga dabino. Baƙi ne suke share garin nan, su suke gina shi, su suke jinyar tsofaffinsa.

Abin da ke ci mini rai yana ƙofar lekol ne. Tun 2004 suka yi doka, ɗalibi ba ya shiga lekol ɗin gwamnati da alamar addini a bayyane, ko lulluɓi ne, ko hular Yahudawa, ko babban gicciye. Sun ce tun 1905 suka raba gwamnati da addini bayan doguwar rigima da cocinsu, ba za su koma baya ba. A 2010 suka hana rufe fuska a titi, a 2023 kuma suka ƙara da abaya a lekol. Kullum da safe takwararki takan tsaya jikin wata bishiya, taku kaɗan kafin ƙofa. Ta zare allurar ta riƙe a baki, ta warware mayafin, ta ninke shi gida huɗu ta cusa tsakanin littattafai, ta shafa kitsonta da tafin hannu, sannan ta shige ba ta waiwayo. Ran da na fara raka ta na ga haka, sai da na zauna kan dakalin jiran bas na share hawaye. Ita kam ta saba. Ƙarfe biyar tana fitowa, a gindin bishiyar nan take mayar da abinta. Yarinyar tana da kai, Inna, ita ce ta biyu a ajinsu, likita take son zama. Ba zan cire ta ba, ko da wa zai yi magana.

Dokar ba ta yi mini daɗi ba, kuma na san akwai 'yan siyasar da da sunanmu suke cin abinci. Ba a kwana biyu ba a zauna a talabijin ana gardama kan ɗankwalinmu ba, sau da yawa babu mai ɗankwali ko ɗaya a wurin. Sai dai in na ce miki tsoron mutanen nan na banza ne, na yi miki ƙarya. A daren 13 ga Nuwamba 2015 an kashe mutum 130 a Paris, wasu suna cin abinci, wasu suna kallon wasa, kuma a filin ƙwallon unguwarmu aka fara tayar da bam. A Nice, 2016, mutum ɗaya ya bi taro da babbar mota ya hallaka 86, da Musulmi da yawa a ciki. A 2020 ina nan aka fille kan wani malamin lekol, Samuel Paty. Duk masu aikin nan da kabbara a bakinsu suka yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, mu ne kuma tsumman.

Tsohuwar da nake kula da ita shekarunta 84. Ranar farko ta dubi kallabina ta jawo jakarta ta rungume. Daga baya 'yarta ta gaya mini jikan tsohuwar yana cikin filin ƙwallon nan a daren, sai goshin asuba suka ji muryarsa. Yau shekara huɗu ina yi mata wanka, ina yanke mata farce, ina ba ta miya a baki. Ita ce yanzu take duban agogo ta ce lokacin sallarki ya yi, har kusurwar da nake shimfiɗa darduma ta hana a ajiye kujera. Da azumi ba ta yarda ta sha ruwa a gabana. Amma jam'iyyar Marine Le Pen take zaɓa, wadda ta ci sama da kashi 30 cikin 100 a zaɓen Turai na bara da alkawarin rage baƙi. Na tambaye ta, ta kama hannuna ta ce, ai ke daban ce. Maganar ta tsaya mini a ƙirji. Ni ba daban ba ce, Inna. Yadda kika tarbiyyantar da ni haka dubban mata suke a nan, ba ta dai san su ba ne.

Kin tuna Juma'ar nan ta 16 ga Janairu 2015? Aka sauko daga masallaci gari ya hargitse saboda zanen Annabi da jaridar Faransa Charlie Hebdo ta buga. Zanen ya ƙona mana rai, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. To amma wa aka ƙona wa? Coci-coci, da shagunan Kirista, da gidan al'adun Faransa da littattafan da Yaya yake zuwa karantawa. Aka rasa rayuka, washegari wutar ta kama Yamai. Telan nan ɗan Bénin da ya ɗinka mini kayan aure, wanda bai san ma inda Paris take ba, ya shigo zaurenmu da matarsa da yara uku ba ko takalmi. Ke kika jawo matar cikin ɗakinki kika yafa mata mayafinki, Baba ya ɗauki buta da carbi ya zauna ƙofar gida, duk wanda ya leƙo ya ce masa nan ba kowa sai iyalina. Takwararki tana da shekara huɗu, ita ta miƙa wa ƙaramin yaron ƙosanta. Da dare sojoji suka kai su bariki. Ban taɓa fahimtar irin kallon da matar nan take yi wa ƙofar ɗakinki ba sai da na tsaya bakin tagata ina jiran maigidan. Kuma ba a yi wata ɗaya ba 'yan Boko Haram suka afka wa Bosso da Diffa, masu salla suka kashe masu salla, 'yan gudun hijira har Damagaram.

A makon da 'yan bindiga suka kai wa ofishin Charlie ɗin nan hari a Paris, ɗan sandan da aka harbe a kan titi Musulmi ne, Ahmed Merabet. Wanda ya ɓoye Yahudawa a ɗakin sanyin kanti kuma ɗan Mali ne, Lassana Bathily. Waɗannan ba a cika turo labarinsu a waya ba.

Auta, kai mai karatu, kada ka tsallake nan. Saƙonnin wa'azin da kake turo wa ɗana na saurare su duka. Mai cewa duk wanda ya zauna ƙasar kafirai ya yi ridda, da mai cewa haramun ne a gaida maƙwabci Kirista. Yaron shekarunsa 11, a aji ɗaya yake da 'ya'yan kowa. Ran nan ya ƙi karɓar alewa a hannun abokinsa, har malamarsu ta kira ni. A nan kalma ɗaya yaro zai furta a lekol a buɗe wa gida duka takarda, ga takardun zamanmu za a sabunta baɗi. Ko ba don wannan ba, a wane zaure ka ji Baba ya karantar da haka? In kana son yi masa alheri, ka ɗauki muryar Baba yana karanta Ishiriniya ka turo, ka kuma riƙa jin haddarsa ranar Lahadi, ya tsaya a Sabbi.

Zancen dawowa, Inna, ki yi haƙuri, ba bana ba. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai harkar tafiya ta yi wuya, kuma ina so yarinyar nan ta gama jarrabawarta. Na aiko jikka ɗari da hamsin ta hannun Yaya: ɗari na ragon layya, talatin na maganin Baba, sauran ki sa a ruwa. In an sami mai zuwa, a ƙullo mini kuka da daddawa da kilishi kaɗan, tsohuwata ta ɗanɗana sau ɗaya tana ta tambaya. Ki kuma bincika mini labarin telan nan, ko ya dawo Damagaram ko yana ƙasarsu. In akwai mai lambarsa a turo mini, ina so in gaida matarsa.

Ki sa mu a addu'a, ki ce wa Baba ya sa yaran a tasa.

'Yarki