A Fara Tayar Da Layin Dogonmu Tukuna

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in sa baki a muhawarar da ake yi kan ko gwamnati ta zuba kuɗin jama'a a jirgin ƙasa mai gudun walƙiya. Masu goyon baya suna kafa hujja da Maroko, wadda ta buɗe nata a 2018, da Japan da ta fara tun 1964. To, a wannan shekarar ta 1964 ce layin dogon da ya ratso Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri. Yau je ka tasharmu ta Gombe, ciyawa da awaki za ka tarar.

A 2021 gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri. Har yanzu muna zuba ido, an ce da kare ana biki a gidansu.

Ni ba na ƙin ci gaba. Amma layin Abuja zuwa Kaduna ma da bashin China aka gina shi, kuma da harajinmu ake biya. Manomin da ke ɗora masara da shanu a tirela, ba gudu ne damuwarsa ba, kuɗin mota ne. A gyara mana na dakon kaya tukuna.

Naka,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Gombe