Wasiƙa Daga Shikago Zuwa Ga Aminina Malamin Makaranta

Shikago, Amurka

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya ƙalau, sai dai sanyi da ya sako mu gaba. Dusar ƙanƙara ta rufe bakin ƙofa tun shekaranjiya, sai da na sa shebur kafin yara su samu hanyar fita.

Tambayar da ka yi mini ran nan a waya ta tsaya mini a rai. Ka ce kai dai ba ka gane ba, malamin da ke Amurka, mai albashi a kan lokaci, mai aji da wutar lantarki da kujeru, me ya rasa har da zai shiga yajin aiki? Na fara ba ka amsa layin ya yanke, kuma na ga maganar ta fi ƙarfin waya. Shi ya sa na zauna yau bayan asuba na rubuto maka.

Abu na farko da ya ɗaure mini kai da na zo ƙasar nan shi ne yadda ake samar wa makarantun gwamnati kuɗi. Kaso mai tsoka yana fitowa ne daga harajin gidaje na yankin da makarantar take. Ke nan inda gidaje ke da tsada, makaranta tana da ƙiba, inda gidaje suka lalace, makaranta sai ta rame. Ina tuƙa motar haya, ka sani, saboda haka ina ganin abin da idona kullum. Da safe in kai fasinja wani garin masu kuɗi a arewacin birni, in wuce makarantar gwamnati mai wurin ninƙaya da filin wasa kore shar. Kafin azahar in dawo kudancin birni in wuce wata, ita ma ta gwamnati, wadda ɗakin karatunta yana kulle saboda babu mai kula da shi. Jihar Ilinoi, inda Shikago take, ta gyara tsarin rabon kuɗinta a 2017 don a ƙara wa yankunan talakawa, kuma an ɗan ga bambanci, amma ramin ya yi zurfi tun da daɗewa.

Kuma talaucin nan ba daga sama ya faɗo ba. Baƙaƙen fata sun yi ta ƙaura daga jihohin kudu zuwa Shikago tun wajen yaƙin duniya na farko, suna gudun wariya suna neman aiki a masana'antu. Aka cusa su a wasu unguwanni na kudu da yamma. A shekarun 1930 hukuma ta zana taswira ta shafa wa irin unguwannin jan launi, wato kada banki ya ba da bashin gida a nan. Daga baya masana'antun ma suka watse. Babbar masana'antar ƙarfe da ke bakin tafki a kudancin birni, wadda ta taɓa ciyar da dubban iyalai, an rufe ta a 1992. Wani bincike da aka fitar a 2019 ya nuna cewa mutumin Streeterville, unguwar masu kuɗi, ana sa ran zai kai shekara 90, na Englewood kuwa, unguwar talakawa a kudancin birni, 60. Birni ɗaya, Malam, tafiyar da ba ta kai ta rabin awa a mota ba in hanya a buɗe take. To yaran Englewood ɗin nan su ne ake kawo wa malami da safe a ce ya yi abin al'ajabi.

A nan gardamar take. Ɓangare ɗaya suna cewa talauci ya zama mafakar malalatan malamai. Suna cewa a auna kowane malami da sakamakon jarrabawar ɗalibansa, wanda ya kasa a sallame shi, makarantar da ta kasa a rufe ta, a buɗe irin waɗanda gwamnati ke biya amma ƙungiyoyi masu zaman kansu ke gudanarwa, inda galibi ƙungiyar malamai ba ta da ƙarfi. Ɗaya ɓangaren, wato ƙungiyar malamai da masu goya mata baya, suna cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Shekara ɗaya da zuwana abin ya fashe. Rahm Emanuel, wanda ya yi shugaban ma'aikatan fadar Obama, ya zama magajin gari a 2011, kuma a wancan lokacin magajin gari shi kaɗai ke naɗa hukumar makarantu tun daga dokar 1995. Ya zo da niyyar tsawaita lokacin karatu da kuma auna malamai da jarrabawar yara. Majalisar jiha ta yi doka cewa ba yajin aiki sai kashi 75 cikin ɗari na 'yan ƙungiya sun amince, ana ganin ba za a taɓa samun haka ba. Da aka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 90 suka ce sun yarda. Shugabarsu a lokacin, Karen Lewis, malamar kimiyyar sinadarai ce, baƙar fata, haifaffiyar kudancin birnin, mace mai baki da zuciya. Ranar 10 ga Satumba 2012 suka ajiye alli, karo na farko cikin shekara 25. Yara kusan 350,000 suka zauna a gida har kwana bakwai na karatu. Tsakiyar birni ya koma ja wur saboda jajayen rigunan malamai. Na maƙale a cunkoso a ranar, fasinjana yana ta tsaki, ni kuwa ina kallon wata tsohuwar malama ta jingina da sanda tana riƙe da kwali.

Shekarar da ta biyo baya, 2013, hukuma ta rufe makarantu kusan 50 a lokaci ɗaya. Hujjarsu ita ce yara sun ragu, gine-gine sun zama rabin kango, ga giɓin kuɗi. Ba ƙarya ba ne yara sun ragu, domin baƙaƙen fata da yawa sun bar birnin. Amma kusan duk makarantun a kudu da yamma suke, kuma mafi yawan yaran da abin ya shafa baƙaƙe ne. Abin da mai zama a ofis bai cika lissafawa ba shi ne, a unguwannin nan tsallaka titi biyu na iya zama shiga yankin wasu 'yan daba. Sai da aka ƙara yawan mutanen da ake ɗauka suna sanye da riguna masu ƙyalli, suna tsayawa a kusurwoyi safe da yamma don yara su wuce lafiya. Har gobe suna nan, ina gaisawa da ɗaya daga cikinsu kullum. Daga baya masana na Jami'ar Shikago suka bi sawun yaran, suka gano karatunsu ya ja baya tun daga shekarar da aka sanar da rufewar, kuma ribar da aka yi alkawari ba ta bayyana ba. A 2015 wasu iyaye da kakanni a unguwar Bronzeville suka yi yajin cin abinci na kwana 34 don kada a kashe makarantar sakandaren Dyett. An sake buɗe ta a 2016.

Bari in gaya maka abin da ya sa na karkata inda na karkata. Lokacin da 'yata ta biyu take aji uku, na je ɗaukarta da wuri wata rana saboda za mu asibiti. Na tarar da malamarsu a durƙushe gaban wani kabad a bayan aji, tana sa wa wani yaro safa. Ya zo cikin ƙanƙara da takalmin zani, ƙafarsa ta jiƙe sharkaf. Kabad ɗin a buɗe yake, na ga abin da ke ciki: rigunan sanyi ninke, safar hannu, biskit, man shafawa, buroshin haƙori. Duk da kuɗinta take saye. Ta ce mini ranar Litinin ce ta fi ba ta wahala, saboda akwai yaran da abincin kirki na ƙarshe da suka ci shi ne na makaranta ranar Juma'a. Akwai kuma wata yarinya da ke barci a kan tebur kowace safiya, ba ta tashinta sai ƙarfe goma, domin ta san a gidan marasa matsuguni suke kwana, ɗaki ɗaya da iyalai da yawa, ga hayaniya har tsakar dare. Malam, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan yarinyar za a ba jarrabawa a watan Mayu, a ɗauki makinta a ce ga darajar malamarta.

Shi ya sa da aka sake yajin aiki a Oktoba 2019, zamanin magajiyar gari Lori Lightfoot, na kai musu shayi a bakin ƙofar makaranta. Wancan karon kwana 11 na karatu aka yi. Sun nemi ƙarin albashi, ban ɓoye maka ba, kuma sun samu kashi 16 cikin ɗari a tsawon shekara biyar. Amma sun kuma tsaya kai da fata sai an rubuta a yarjejeniya cewa kowace makaranta za ta samu nas da jami'in walwalar yara, a kuma rage cunkoso a aji. Kafin nan nas ɗaya takan yi yawo tsakanin makarantu da yawa, yaro mai asma sai ya yi sa'a ciwonsa ya tashi ranar da take nan.

Sai dai kada ka ɗauka na wanke su tas. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babban ɗana ya yi shekara guda a hannun wani malamin lissafi wanda aikinsa shi ne ya raba takardu ya zauna yana latsa waya. Mun je mun yi ƙorafi mu iyaye huɗu, aka ce mana akwai matakai, sai an bi su daki-daki. Shekara ta ƙare ana bin matakai. Sai da na riƙa biyan wani ɗalibin jami'a yana zuwa gida ran Asabar. Ni na iya biya da ƙyar. Maƙwabciyata mai aikin wanke-wanke a otal ba ta iya ba, ɗanta kuma har yau yana tsoron lissafi. Ɗan mai kuɗi in ya gamu da irin wannan malamin, shekara ɗaya ya rasa, a gida za a cike masa. Ɗan talaka ba shi da inda za a cike masa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ƙungiyar da ke son mutane su yarda cewa don yara take faɗa, ita ya kamata ta fara nuna wa irin wannan mutumin ƙofa. Haka nan masu cewa yajin aiki talaka ya fi cutarwa ba su yi ƙarya ba, domin uwar da ake biya da awa, in ta zauna da yara, ranar ba ta da ko sisi.

Na san zuciyarka tana kan abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai kashi 75 ba, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairu 2018. Na tuna yadda ka kira ni a daren, kana cewa cikin waɗanda aka kora akwai wanda wallahi bai iya rubuta wasiƙa ba, akwai kuma wanda shi ya koya wa rabin ƙauyensu karatu. Ban manta da wannan maganar ba, domin ita ce dai ake yi a nan da wani harshe. Abin da na lura da shi a wurare biyun shi ne, hukunta malami ba ya cin kuɗi, kuma ana ganinsa a labarai washegari. Ciyar da yaro, da samar wa uwarsa gida, da rage aji daga yara 100 zuwa 40, waɗannan suna cin kuɗi, kuma wanda ya shuka ba lalle shi zai girbe ba. Ka ga dalilin da ɗan siyasa ke saurin ɗaukar na farko.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. A 1987 sakataren ilimi na Amurka, wato ministan ilimi, William Bennett, ya ce makarantun Shikago su ne mafi lalacewa a ƙasar, kuma tambarin ya manne musu. Amma a 2017 wani masani na Jami'ar Stanford, Sean Reardon, ya duba ci gaban yara daga aji uku zuwa aji takwas, ya gano yaran Shikago suna samun karatun kusan shekara shida a cikin biyar, sun fi yawancin yankunan ƙasar saurin ci gaba. Suna farawa ne daga baya sosai, shi ya sa ko sun yi gudu ba sa kamo na gaba. Wanda ya kalli makin ƙarshe kawai zai ce malaman ba sa aiki. Kowane ɓangare ya ja sakamakon nan zuwa gefensa, masu son a auna malamai a rufe makarantu suka ce tsauraran matakansu ne, malamai suka ce guminsu ne. Ni dai da na ji labarin, malamar nan mai kabad na tuna.

Karen Lewis ta rasu a 2021 bayan doguwar jinyar ciwon daji na ƙwaƙwalwa. A 2023 Brandon Johnson, tsohon malamin makaranta kuma ma'aikacin ƙungiyar, ya ci zaɓen magajin gari, ya kayar da Paul Vallas wanda ya taɓa shugabantar makarantun birnin. Yanzu ƙungiya ta ɗanɗana zama a ɗaya gefen teburin, inda ake tambayar ina kuɗin za su fito, kuma mutane da yawa, har da wasu da suka sa jar riga a 2012, suna tambaya ko ya dace mai nema da mai bayarwa su fito daga gida ɗaya. A Nuwamba 2024 aka fara zaɓen wasu daga cikin 'yan hukumar makarantu kai tsaye, na je na kaɗa ƙuri'ata.

Ka rubuto mini yara nawa ne a ajinka bana, kuma ko an gyara rufin nan da iska ta yaye. Wani ɗan'uwa zai taho gida bayan sallah, zan ba shi littattafan karatu na yara da autarmu ta gama da su, da kwalin alƙaluma. Ka raba wa waɗanda ka san ba su da shi. Uwargida tana gaishe da uwargida. Ka gaishe mini da su Baba da duk mutanen zaure, ka ce wa Inna muna yi mata addu'a.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Shikago