Barka da Sallah daga Astrakhan, ƙasar Rasha

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Da fatan an yi layya lafiya. Muna gaba da ku da awa uku, don haka lokacin da muka sauko daga Idi ko kiran assalatu ba a yi ba a gida. Na riƙe waya ina ta jiran gari ya waye muku.

Inna, ki kwantar da hankalinki, akwai Musulmi a nan, ba baƙi kaɗai ba. A Farin Masallaci muka yi salla, wanda 'yan ƙabilar Tatar suka gina tun 1810, kuma sahu ya kai har titi. Garin nan asalinsa na Musulmi ne. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya ratso ta nan wajen 1334, lokacin ana kiransa Hajji Tarkhan, kuma yana da sarkinsa har 1556, da Ivan sarkin Mosko ya ci shi da yaƙi. Farar ganuwar da na tura wa Auta hotonta, da tubalin kufan birnin Sarai aka gina ta.

Amma Inna, ba su iya naman Sallah ba! Wani dattijo ɗan ƙabilar Kazak ya gayyace mu, Allah ya saka masa, rago mai ƙiba ya yanka. Sai aka dafa shi a ruwa, aka zubo romo, aka kawo dafa-duka da karas. Na ci na yi godiya, amma babu suya. Babu wannan ƙamshin da ke cika unguwa tun daga la'asar, babu yajin Hajiya Kaka, babu tukunyar da ake ɓoyewa ƙarƙashin gado a yi ta tsakura har Cika-ciki. Ko ƙonannen guntun da ke maƙalewa a gindin kasko, wanda muke faɗa a kansa da Yaya, yau da zan samu da na saya da kuɗi. Su busasshen kifi mai gishiri suke ji da shi, don a nan kogin Volga ya rarrabu kafin ya faɗa tekun Kaspiya. Na gwada, ba laifi, amma ba shi nake so ba.

Baba, zafin nan sai ka ce Azare a watan Afrilu, ga wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da ke fitowa idan kogi ya cika. Garin yana ƙasa da matakin teku. Da ka fita daga bakin ruwa sai fili fetal, har da raƙuma masu tozo biyu, kuma daga tafkin Baskunchak ake haƙo gishiri mai yawa na Rasha. Kankanarsu ta yi suna, sai dai ba ta nuna ba tukuna.

A gaishe da Hajiya Kaka, a sake gaishe ta, a ce mata ina shan maganin sanyin da ta ƙulle mini, kuma rabona na suya ta ajiye ko zai shekara. A gaishe da Gwaggo da yaranta, da Kawu. Yaya, ka ci nawa, amma bashi ne. Auta, goron Sallarka na hannun Baba, kada ka dame shi. Sauran 'yan gida da maƙwabta duk ina gaisuwa.

A ci gaba da sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso.

Wassalam,
Ɗanku